Bindigar Fenti: Abin da Masu Haɗa Jirgin Sama Za Su Koya wa Yaranmu

Wanda ya fita birnin Katsina ta Ƙofar Ƙaura ya kama hanyar Kano zai tarar da masu fentin mota nan da can a gindin bedi. Kafin idonsa ya gan su ma, hancinsa ya riga ya faɗa masa. Ga injin iska yana ƙugi, ga mota an rufe gilasanta da tsofaffin jaridu, ga saurayi da bindigar feshi a hannu, hazon fenti ya lulluɓe shi. Masu gadon ƙarfe da masu ƙyauren gida da kafintoci masu kayan ɗakin amare su ma da wannan bindiga suke gama aikinsu. Sana'a ce mai kyau, tana ciyar da gidaje da yawa, yaran ikkilisiyoyinmu kuma ba kaɗan ba ne suke koyonta.

Ran da uba ya kai ɗansa wurin maigidan sana'a, ba a ba yaron bindiga ya yi feshi. Aikinsa na fari shi ne gugar samfefa, da ɗebo ruwa, da wanke bindiga in an tashi aiki. Wannan na ƙarshe shi aka fi rainawa. Ana miƙa wa ƙaramin yaro bindiga da ɗan gwangwanin tina, a ce ya ɗauraye, manya kuwa su tafi cin abinci. Mu dai a ganinmu wankin nan shi ne rabin sana'ar. A wurinsa ake gane ko bindiga za ta yi shekara goma ko wata shida, a wurinsa kuma lafiyar yaro take fara zubewa ba wanda ya lura. Domin mu nuna haka, za mu ɗan kai masu karatu wurin mutanen da ba su da damar yin sakaci da fenti ko kaɗan, watau masu haɗa jirgin sama da hannunsu.

Jirgin da aka haɗa a Kaduna

Dattawanmu za su tuna da ƙananan jiragen mishan na SIM waɗanda suke tashi daga Jos suna kai likita da wasiƙu da marasa lafiya. Waɗannan daga masana'anta aka saye su. Amma akwai wani irin ƙaramin jirgi da mutum yakan haɗa da kansa a bayan gidansa. A Amurka masu wannan sha'awa sun kafa ƙungiyarsu mai suna EAA a 1953, kowace shekara kuma sukan taru a garin Oshkosh da jiragensu. Dokar ƙasarsu ta yarda, muddin mai jirgin ne ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa, masu dubawa kuma suka gani suka amince. Kamfani yakan aiko da fallayen alminiyam da ƙusoshi da zane, mutum ya yi shekaru yana harhaɗawa da yamma in ya taso daga aiki.

Kada a ce wannan labarin Turawa ne kawai. Wani Ba'amurke mai suna Richard VanGrunsven ya zana jirgi mai kujera 2 domin masu haɗawa a gida, ana ce da shi RV-6A. Wannan zanen ne kamfanin AIEP na Kaduna ya ɗauka, ya yi masa 'yan gyare-gyare, ya sa masa suna Air Beetle. Na farkonsa ya tashi a 1989, sojojin sama na Nijeriya kuma suka yi odar guda 60 domin koya wa sababbin matuƙa tuƙi a Kaduna. A 2007 kuma jaridun duniya sun ba da labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano wanda ya harhaɗa helikwafta da injin mota da tarkacen ƙarafa. Ashe abin bai yi nisa da mu ba.

Abin da ya sa muka kawo su shi ne, bindigar da ake fesa wa irin wannan jirgi fenti ita ce dai wadda take hannun yaronmu a gindin bedi. Fentin ma sau da yawa dangin juna ne. Bambancin yana wurin sakamakon kuskure. Mota in fentinta ya yi kauri, sai dai mai ita ya yi gunaguni. Jirgi kuwa ana auna nauyinsa kafin fenti, a sāke aunawa bayan fenti, gama ƙaramin jirgi yakan ƙara kilo 7 zuwa 14 daga fenti kaɗai, kowane kilo kuma ragi ne daga man da zai ɗauka ko kayan da zai ɗauka. Akwai kuma faifan da suke motsi a bayan fiffike da wutsiya, waɗanda matuƙi yake juya jirgi da su. An daidaita nauyinsu kamar sikelin mai zinariya. In fenti ya taru a gefen baya, faifan yana iya kama karkarwa a sama har ya tsinke. Ga wasu 'yan ƙananan huji a jikin jirgi da suke shigar da iska ga agogunan gudu da na nisa daga ƙasa. Ɗigon fenti guda ya isa ya toshe su, agogo ya yi wa matuƙi ƙarya. Saboda haka mai haɗa jirgi ba ya yarda da bindigar da take tofi ko take fesa gefe guda. Ransa ne zai hau abin da ya fesa.

Daga ɗakin likita ta fito

Abin mamaki, asalin bindigar nan wajen magani ne. A 1888 wani likita a garin Toledo na Amurka, Allen DeVilbiss, ya ƙera ɗan abin fesa magani a maƙogwaron marasa lafiya. Ɗansa Thomas ne ya juya dabarar ta zama bindigar fenti a 1907, har yau kuma ana ganin sunan gidansu a jikin bindigogi. Kafin nan da buroshi ake fentin mota, shafi bisa shafi, ana jiran kowanne ya bushe, aikin yakan ci makonni. Da kamfanin DuPont ya fito da fenti mai saurin bushewa mai suna Duco, aka fara fesa shi a motocin Oakland na 1924, sai makonni suka koma 'yan kwanaki.

Yadda take aiki ba wuya. Akwai kofi inda fenti yake. Akwai baki mai ƙaramin huji, faɗinsa wajen milimita 1.3 ko 1.4 ga fentin gamawa, ya fi haka faɗi ga firaima mai kauri. Akwai allura da take toshe hujin nan, in an ja kunama sai ta ja baya fenti ya fito. A kan bakin akwai hular iska mai ƙaho 2. Iskar da take fita ta tsakiyar hular ita take farfasa fenti ya zama hazo, ta ƙahonin kuwa ita take matse hazon ya baje kamar mafici. Duk gwanintar tana cikin waɗannan huji, waɗansunsu kuwa ba su fi tsinin allurar ɗinki ba. In guda ɗaya ya toshe rabi, mafici ya karkace ke nan.

Tsofaffin bindigogi masu kofi a ƙasa suna aiki da iska mai ƙarfi, sai fenti ya bugi ƙarfe ya dawo. Sau da yawa abin da yake zama a jikin mota bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, sauran ya bi iska, ya sauka a kan itace da tufafi da huhun mai feshi. Sababbin, waɗanda ake rubuta HVLP a jikinsu, suna amfani da iska mai yawa amma marar ƙarfi, an yi su domin kashi 65 cikin 100 ko fiye ya zauna. Masu haɗa jirgi sun fi son su. Sai dai suna bukatar injin iska babba, ƙaramin inji ba ya iya ciyar da su. Wanda ya san abin da galan na fenti yake ci a kasuwa zai iya yi wa kansa lissafi.

Riƙon bindiga kuwa ƙa'idarsa kaɗan ce, horon hannu ne yake ɗaukar shekaru. Tsakanin baki da ƙarfe taƙi guda, watau inci 6 zuwa 8. Bindiga ta fuskanci ƙarfe sak, hannu duka ya yi tafiya, ba wuyan hannu ya riƙa lilo ba, gama lilo yana sa tsakiya ta yi kauri gefuna su bushe. A fara tafiya kafin a ja kunama, a saki kunama kafin a tsaya. Kowane layi ya hau rabin na gabansa. Kafin a taɓa mota a gwada a jikin kwali tukuna, a ga ko mafici ya cika. Fenti kuma a tace shi kafin ya shiga kofi, ko da sabon gwangwani ne.

Katsina tana da nata wahala

Masu yin fenti sukan rubuta lokatan bushewa bisa ga zafin ƙasarsu, wajen digiri 20. Mu kuwa a watan Afrilu mukan wuce 40. A irin wannan zafi tina tana tashi tun fenti bai kai jikin mota ba, sai ya sauka kamar yashi, ko ya yi gurji-gurji kamar ɓawon lemo. Magani shi ne a yi feshi da sassafe, a inuwa, kada a fesa ƙarfen da rana ta gasa. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Gwanaye sukan yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da mota, su jira iska ta kwanta, wanda yake da hali kuma ya kafa rumfa ya kewaye ta. Da damina, musamman a watan Agusta, laima takan sa fenti mai saurin bushewa ya yi fari-fari kamar an shafa masa toka.

Akwai kuma ruwan da ba a gani. Iskar da inji yake matsewa tana tara ruwa a cikin tanki, tare da ɗan mai daga injin. In ba a buɗe mazubin da yake ƙarƙashin tanki kowace rana ba, ruwan zai bi tiyo ya fito tare da fenti, ya bar ƙuraje. Man kuwa yana yin 'yan ramuka masu kama da idon kifi. Ruwan nan kuma yana cin tanki da tsatsa daga ciki, tankin da ya ruɓe yana iya fashewa ya kashe mutum. Buɗe mazubi ba ya cin minti ɗaya.

Wankin bindiga

Yanzu mun iso inda muka nufa. A dā, fentin mota irin na Duco ne: tina ta tashi, fenti ya bushe, in ka sāke zuba tina ya narke. Mai wannan fenti yana iya barin bindiga ta kwana, da safe ya jiƙa ta ta warware. Yawancin fentin gamawa na yanzu ba haka yake ba. Gwangwani 2 ne, fenti da abin taurara shi, wanda masu sana'a suke kira hadina. Asalinsa binciken wani Bajamushe ne, Otto Bayer, a 1937. Da zarar an gauraya su sun fara haɗuwa ke nan, kamar siminti da ruwa, ba kuwa mai mayar da su. Suna ba da 'yan sa'o'i kaɗan, zafi kuma yana rage su: duk ƙarin digiri 10 yana cinye kusan rabin lokacin. In ya taurare a cikin bindiga, tina ba za ta narkar da shi ba. Taurin nan ne ya sa masu jirgi suke sonsa, gama mai da rana da ruwa ba sa cinsa da wuri. Shi ne kuma ya sa ba sa ajiye bindiga su tafi cin abinci. Wanki yana bin feshi nan take.

Ga yadda suke yi. A cire tiyo daga bindiga tukuna. A juye ragowar fenti a wani gwangwani dabam, kada wanda aka gauraya da hadina ya koma cikin na asali, zai ɓata shi duka. A zuba tina kaɗan a kofi, a girgiza, a goge da tsumma, a zubar. A sāke zubawa, a ja kunama tina ta bi hanyar fenti ta fita cikin gwangwani, har ta fito garau. Sa'an nan a kwance hular iska. A zare allura ta baya a hankali, ko kuwa a riƙe kunama a jaye sa'ad da ake kwance baki, domin kada bakin ya murɗe a kan tsinin allura. Bakin yana da nasa sifana da yake zuwa tare da bindiga. Filaya tana cinye gefunansa.

Waɗannan uku, hula da baki da allura, su ne ake jiƙawa a tina a wanke da buroshi mai laushi. A nan ne yara suke ɓarna da kyakkyawar niyya. Yaro ya ga huji ya toshe, sai ya ɗauko waya ko allurar ɗinki ko tsinin ƙusa ya soka. Hular tagulla ce ko alminiyam, ƙarfe ya fi ta tauri, hujin ya buɗe ko ya karkace, ba ya kuwa komawa. Tsinken sakace ko gashin buroshi shi ne iyakar abin da zai shiga huji. Allura kuma in ta faɗi ƙasa tsininta ya tanƙware ko da ido bai gani ba, bindiga za ta riƙa ɗiga har abada.

Kuskure na biyu shi ne a tsoma bindiga dukanta cikin bokitin tina ta kwana. Ga ido kamar tsabta ce. Amma tina tana cinye 'yan robobin da suke hana yoyo, tana wanke man da yake gaɓoɓinta, tana kuma kai dattin fenti cikin hanyoyin iska inda buroshi ba ya kaiwa. Gobe sai dattin ya fito a kan sabon aiki. Jikin bindiga tsumma mai ɗan tina ya ishe shi. Kada a manta da ɗan hujin da yake a murfin kofi. In ya toshe, iska ba ta shiga kofi, bindiga ta riƙa tari tana yankewa, maigida ya ɗauka ta lalace alhali tsinke guda ne maganinta. In an gama a busar, a ɗiga man bindiga a inda kunama take juyawa da inda allura take wucewa. Man da yake da silikon kada ya kusance ta, shi ne babban mai kawo idon kifi. A mayar da kome, a rataye ta. Duk aikin nan minti 10 ne ko 15.

In mafici ya karkace gefe guda, ga dabarar gane mai laifi: a juya hular iska rabin zagaye a sāke gwadawa a kwali. In karkatar ta koma ɗaya gefen, hula ce. In ta tsaya inda take, baki ne ko allura.

Tinar da aka yi wanki da ita ba ta ƙare ba. A tara ta a gwangwani mai murfi, datti ya kwanta, a tsiyaye ta sama a yi wankin fari da ita gobe. Gurɓin da ya rage a bar shi ya bushe ya taurare. Kada a zuba shi a kwata, ko kusa da rijiya, ko inda awaki suke kiwo.

Abin da ya fi bindiga tsada

Bindiga in ta lalace ana sayen wata. Wannan sashi kuwa domin iyaye mata da iyaye maza muka rubuta shi.

Hadina tana ɗauke da wani sinadari da ake kira aisosayanet. Ba shi da warin da zai gargaɗi mutum; warin da ake ji na tina ne. In ya shiga huhu yau da gobe, jikin waɗansu mutane yakan ƙi shi gaba ɗaya, sai ciwon fuka, watau asma, ya kama su. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Ingila ta ƙiyasta cewa masu feshin mota sun fi sauran ma'aikata haɗarin kamuwa da asma wajen sau 80. A ƙasar da ake da ɗakunan feshi masu fanka ke nan. Wanda jikinsa ya riga ya ƙi sinadarin, ɗan kaɗan ma ya isa ya tayar masa da ciwon, ko da makwabcinsa ne yake feshi. Sau da yawa sai dai ya bar wannan fenti har ƙarshen ransa, bayan ya ba sana'ar ƙuruciyarsa.

Masu jirgin sama da tsada suka koyi darasin nan. A lokacin yaƙin duniya na fari, daga 1914, fikafikan jirage na yadi ne, ana shafa musu wani ruwa domin su ɗame. Ruwan yana da guba mai cin hanta. Ma'aikata a Ingila, mata da yawa a cikinsu, suka riƙa yin shawara, waɗansu suka mutu, har gwamnati ta sa doka a 1916 cewa a riƙa kai mata rahoton duk wanda ya kamu. Daga baya firaima mai launin rawaya ko tsanwa da ake shafa wa alminiyam don hana shi ruɓewa, mai sinadarin kuromet, ita ma aka tabbatar tana kawo ciwon daji na huhu. Don haka mai haɗa jirgi mai hankali yakan sa takunkumin da ake turo masa iska mai tsabta ta tiyo daga waje, da rigar leda, da safar hannu, da abin kare ido.

Mun san ba kowane shago a Katsina zai iya wannan ba. Amma sai a faɗi gaskiya a kan abin da ake amfani da shi. Hankici ko rawani a hanci ba ya tare kome sai manyan ɗigo. Takunkumin takarda irin na asibiti shi ma haka. Takunkumin roba mai gwangwanayen gawayi 2 ya fi su nesa ba kusa ba, in ya kama fuska sosai, in kuma ana sauya gawayin a kan kari; gawayin da ya cika ado ne kawai, in ba a aiki a ɗaure shi a leda, gama yana ci gaba da shan iska ko a rataye. Feshi a yi shi inda iska take wucewa, mai feshi ya ba iska baya. Wanda ba shi da aiki a wurin ya yi nisa, musamman ƙananan yara masu talla. Hazon kuma ba ya ƙarewa sa'ad da aka saki kunama, mafi ƙanƙantarsa wanda ido ba ya gani yana nan yana yawo, saboda haka ba a cire takunkumi don a leƙa aiki.

Sai batun madara. Kusan kowane mai fenti zai ce maka in ya tashi aiki yakan sha gwangwanin madara ta wanke masa ƙirji. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, fenti kuwa huhu ya shiga. Hanyarsu ba ɗaya ba ce. Kuɗin madarar wata biyu ko uku da an tara shi wajen takunkumi da ya fi amfani.

Ga inda ƙaramin yaron nan mai wanki ya shigo. Shi ne yake tsoma hannu tsirara cikin tina mai gauraye da fenti da hadina kowace yamma. Tina tana ratsa fata, tana tsotse maiƙonta har ta tsattsage, tururinta yana kawo ciwon kai da jiri, yau da gobe yana taɓa hanta da jijiyoyi. Likitoci sun nuna aisosayanet a fata ma yana iya sa jiki ya ƙi shi. Waɗansu yara kuma sukan fesa tinar wanki cikin iska don su ga ta fita da tsabta, su tsaya cikin hazonta ba takunkumi, gama a ganinsu ai ba fenti ba ne. Daga nan su wanke hannu da fuska da tina ko fetur, su sa hannu a kwanon abinci. Safar hannu ta roba mai kauri ita ce ta dace da wannan aiki. Hannu kuwa man gyaɗa kaɗan da sabulu suna fitar da ɗanyen fenti.

Akwai haɗarin wuta kuma. Tururin tina ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa kamar ruwa har ya tarar da murhun mai shayi, ko tartsatsin mai walda na kusa, ko guntun taba. Tsummokaran wanki a sa su cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi. Tiyon iska kuma ba abin wasa ba ne: kada yaro ya kakkaɓe jikinsa da shi, kada ya nuna wa ɗan'uwansa, iskar tana iya fasa dodon kunne, ko ido, ko hanji.

Wata guba kuma tana iya bin yaro har gida. Waɗansu fenti, musamman rawaya da ja da ruwan lemo da tsofaffin firaima na ƙarfe, suna da dalma. Amurka ta hana ta a fentin gidaje tun 1978. Mu a Arewa mun ga abin da dalma take yi a 2010, sa'ad da yara wajen 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma hanyarta ɗaya ce: ƙura ta shiga gida a jikin manya, ƙanana masu rarrafe suka sa hannu a baki. Mai gugar tsohon fenti da samfefa a bushe yana kwasar irin wannan ƙura a rigarsa da gashinsa. Ya yi guga da ruwa. Ya bar kayan aiki a shago, ko uwargida ta wanke su dabam. Ya yi wanka kafin ya ɗauki jariri. Gwangwanin fenti kuma, kome kyansa, kada ya zama mazubin manja ko moɗar randa.

'Yan'uwa masu shago waɗanda suke na Kristi, ku duba Maimaitawar Shari'a sura 22 aya 8. A can an umarci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau gidan. Ba a jira sai wani ya faɗo. Yaron da aka danƙa maka bai san aisosayanet ba, bai iya karanta rubutun da yake jikin gwangwani ba, ba zai kuma iya ce wa maigidansa a'a ba. Kai ne ka sani. Safa da takunkumi su ne rawanin soronka, muna kuma ganin ya kamata a lasafta su cikin kuɗin aiki kamar yadda ake lasafta samfefa. Dattawan ikkilisiya da Zumuntar Mata, waɗanda sukan tara kuɗi su saya wa yaro kayan aiki ran da aka yaye shi, su sa takunkumi mai kyau cikin kayan.

Uban da zai kai ɗansa koyo, kafin ya yi magana da maigida ya tsaya ya ga yadda ake tashi aiki a shagon. Ya duba bindigogin, ko a rataye suke da tsabta ko suna kwance cikin bokiti. Ya duba hannuwan manyan yaran. Ya saurari numfashin maigidan kansa.

Uwa kuma ita za ta fara ganewa, gama ciwon nan sau da yawa ba a shago yake nuna kansa ba, sai da dare bayan sa'o'i. Alamunsa su ne tari mai tashin yaro daga barci, ƙirji ya ɗaure, numfashi yana fito, ido da hanci suna ruwa kamar murar da ta ƙi warkewa. Babbar shaida ita ce ya ji sauƙi ran Lahadi ko lokacin hutun Kirsimeti, ciwon ya dawo in ya koma aiki. In an ga haka kada a tsaya ga maganin tari na kemis. A kai shi asibiti da wuri, gama wanda aka raba da fentin tun da fari ya fi samun warkewa. A faɗa wa likita irin aikin da yake yi, da shekarun da ya yi a ciki, da ranakun da ciwon yake tashi. A tafi da gwangwanin hadina wanda ba kome a ciki, likita ya karanta abin da aka rubuta a jikinsa.